Yadda ake yin duwatsun ado masu siffar ɗan ludo da yumɓun folima

Dutsen ado mulmulalle yana rufa wa mai yinsa asiri. Ko ya ɗan karkace, ko wani ya ɗara wani girma, idan aka jera su a zare ido ba ya saurin kamawa. Mai siffar ɗan ludo ba haka yake ba. Fuska shida gare shi, gefe goma sha biyu, kusurwa takwas, kuma kowace tana tona abin da hannu ya yi mata: inda yatsa ya danna, inda reza ta zame, inda allura ta ɓullo a karkace. Abu uku ne ke riƙe da aikin nan: awo, barin yumɓu ya huce kafin ƙarfe ya taɓa shi, da gashi a kan zafin da ya dace. Duk lissafin da ke ƙasa na dutse ne mai milimita 10 ta kowane gefe, wato santimita ɗaya.

Yumɓun da kansa

Sunan yumɓu kawai ya ara, ba yumɓun ƙasa ba ne. Garin roba ne irin wadda ake kira PVC, wadda ake yin bututun ruwa da ita, aka kwaɓa shi da wani mai da ke sa laushi, aka zuba launi. Ba ya bushewa a iska. Ko wata guda ya yi a kan tebur yana nan da laushinsa, sai ya sha zafin obin sannan garin robar ya haɗe da man, ya zama abu ɗaya mai tauri. A kula wajen saye: akwai yumɓu mara nauyi mai bushewa a iska, akwai kuma na wasan yara wanda ba ya taɓa yin tauri. Duk ba su ba ne. Na gaskiya za a ga an rubuta zafin gashi da mintuna a jikin ledarsa.

Sanannun su ne Fimo na kamfanin Staedtler a Jamus, Premo da Sculpey III daga Amurka, Kato Polyclay shi ma daga Amurka, sai Cernit daga Beljiyam. Ba halinsu ɗaya ba, kuma ga dutse mai kusurwa halin ne ke da muhimmanci fiye da launi. Kato da Fimo Professional suna da tauri, suna wahalar murzawa amma suna riƙe kaifin gefe. Premo yana tsaka-tsaki, shi ya fi dacewa da mai koyo. Fimo Soft da Cernit suna saurin saki idan hannu ya ɗumama su. Sculpey III ya fi kowa laushi, kuma bayan gashi yana da saurin ɓarewa a wurare masu sirara, to kusurwa kuwa ita ce siririn wuri a jikin wannan dutse.

Ƙaramin ƙunshin Fimo Soft ko Premo giram 57 ne. Dutse mai santimita ɗaya yana cin giram ɗaya da ɗan ɗoriya, saboda haka ƙunshi guda zai ba da wajen duwatsu 40 idan aka cire abin da ake zubarwa wajen daidaita gefe. Abin hannu ɗaya ba ya cin rabin wannan.

Kafin a biya kuɗi a ɗan matsa ƙunshin ta bayan leda. Idan ya ji kamar sabulu busasshe, ko kaɗan bai lotsa ba, mai yiwuwa ya sha zafi a shago ko a hanya har ya fara gasuwa. Irin wannan ba ya gyaruwa. A gida ma kada a ajiye shi a bakin taga ko a bar shi cikin mota da rana tsaka.

Kayan aiki

Tayil mai santsi ko faifan gilashi, shi ne teburin aiki. Reza doguwa siririya ta yankan yumɓu. Idan babu, bakin wuƙar yankan kwali sabo dal, a goge man da ke jikinsa. Abin murji mai santsi, kwalbar gilashi madaidaiciya ma ta isa. Rula mai milimita. Katako biyu sirara masu kaurin milimita 10 daidai, su za su tsare kaurin yumɓu. Ɗan guntun gilashi ko ƙaramin tayil na danna fuska. Allura mai kauri ko siririyar waya mai tsini. Garin masara mai laushi irin na kauri a miya. Sifirit da auduga. Farar takarda. Ma'aunin zafi na cikin obin. Samfefa mai jure ruwa, lamba 400, 600, 800 da 1000.

Injin taliyar murji yana rage wahala sosai, amma duk wanda yumɓu ya shiga ya bar kicin ke nan har abada. Haka wuƙa da abin murji. Sannan ɗanyen yumɓu ba ya shiri da tebur mai fenti ko banish, da kuma robar nan mai tauri mai garai-garai irin ta gidan faifan CD: man cikinsa yana narkar da su, a wayi gari yumɓu ya manne, wurin ya yi tabo. Robar da aka buga wa lamba 5 a gindi da ledar sa abinci ba su da wannan matsala.

Murzawa

Ko da yumɓu ya zo da laushi, sai an murza shi, domin man da garin robar su gauraye sosai. A yanka shi falle-falle kamar kaurin milimita 3, a ɗumama a tafin hannu, a mulmula kamar igiya, a ninka, a sake mulmulawa. Da injin taliya kuwa, a sa shi a mafi faɗin saiti, a wuce da fallen, a ninka biyu, a mayar. Kullum bakin ninkin ne ke fara shiga inji, ko ya kasance a gefe. Idan buɗaɗɗen bakin ya fara shiga, iska za ta maƙale a cikin ninkin, kuma iskar nan ce ke fitowa ta zama ƙuraje ko tsaga a obin. Sau 15 zuwa 20 yawanci ya isa. Alamar ya yi ita ce a lanƙwasa igiyar gida biyu, bayan lanƙwasar ya kasance sumul ba tsagewa.

Idan yana ta marmashewa, a ɗiga masa man laushin yumɓu da kamfanonin ke sayarwa, ɗigo biyu ko uku ga ƙunshi guda, ko a haɗa shi da wani mai laushi. Ruwa ba ya sa shi laushi. Idan kuma ya yi laushi har yana bin yatsa, wanda shi ne abin da aka fi fama da shi lokacin bazara, a shimfiɗa shi falle, a sa tsakanin fararen takardu biyu marasa rubutu, a ɗora littafi mai nauyi. Bayan minti 30 zuwa awa ɗaya za a ga takardar ta yi tabon mai, yumɓun ya ƙara ƙarfi. Kada a wuce gona da iri, wanda aka tsotse da yawa yana fitowa da gautsi. Takarda mai rubutu kuwa tawadarta za ta koma jikin yumɓu.

A fara da farin launi a ƙare da mai duhu, ana goge hannu da tayil a tsakani. Ja da baƙi sun fi kowa rina hannu. Lokacin hunturu, ƙura ce abokiyar gaba: a rufe taga, a kashe fanka, duk abin da ba a aiki da shi a kife masa kwano. Ƙurar da ta riga ta sauka, auduga mai ɗan sifirit tana ɗauke ta kafin gashi.

Fitar da siffar

Hanya uku ce, kuma ba daidai suke ba.

Ta farko, shimfiɗa da yanka, ita ce ke ba da gefe mafi kaifi da duwatsu masu girma ɗaya. A dunƙule yumɓun da aka murza, a ajiye shi a tayil tsakanin katakon nan biyu, a ɗora abin murji a kan katakon, a yi ta murzawa har ya daina taɓa yumɓun. Yanzu kaurinsa milimita 10 ne ko'ina. Mai injin taliya zai iya jera falle huɗu na mafi faɗin saiti, domin kowane falle yana kai milimita 2 da rabi zuwa 3, amma ya riƙa kwantar da kowane falle daga gefe ɗaya zuwa ɗayan yana korar iska, sannan ya ƙarasa tsakanin katako.

Nan ne yawancin masu koyo ke yin gaggawa. Yumɓun da ya fito daga hannu yana da ɗumi, idan reza ta hau shi sai ta danne shi kafin ta yanke, saman ya lotsa, gindin ya baje. A ɗauki tayil ɗin gaba ɗaya a sa a firji minti 15 zuwa 20. Idan babu wuta, a bar shi a wuri mai sanyi awa ɗaya ko biyu, ko ma ya kwana. Idan ya fito daga firji ya yi raɓa, a tsane ta da tsumma mai laushi kafin yanka.

Sai a datse gefe ɗaya ya miƙe. Daga nan a auna milimita 10 da rula, a yi ɗan tabo da tsinin allura a sama da ƙasa, a ɗora reza a kan tabon biyu, a danna ta ƙasa kai tsaye da hannu biyu. Ba a jan ta kamar yankan nama. A tashi tsaye a leƙo daga sama, ido yana kan bayan reza sosai; wanda ya yanka daga zaune, rezarsa za ta jingina gefe ba tare da ya sani ba, dutsen ya fito da kai ƙarami gindi babba. Abin da aka samu yanzu sanda ce mai kusurwa huɗu, 10 da 10. A yi mata tabo kowane milimita 10, a yanka. Bayan kowane yanka a juya sandar ta kwanta a kan fuska ta gaba, don kada nauyin reza ya riƙa sauka a fuska ɗaya har sandar ta baje. A goge bakin reza da sifirit bayan yanka huɗu ko biyar, domin dattin da ke manne mata shi ke jan gefe.

Ta biyu, daga ƙwallo. Wannan tana ba da dutse mai gefe a dakushe, kamar ɗan ludon da ya sha wasa, kuma ya fi daɗin sawa a jiki. Wahalarta girma ɗaya. Kada a riƙa gutsira da ido. A mulmula igiya mai kauri ɗaya, a yanka ta daidai da rula, ko a shimfiɗa falle a fitar da zagaye-zagaye da murfin biro ko wani ƙaramin abin yanka, kowane dutse ya ci adadi ɗaya. Ƙwallo mai faɗin milimita 12 da rabi shi ke komawa dutse mai milimita 10. A mulmula shi sumul har layin haɗi ya ɓace. A ajiye a tayil, a danna da guntun gilashi kaɗan kawai, a juya, a danna, a juya zuwa fuska ta uku, a danna. An taɓa fuska shida ke nan. A maimaita zagayen sau biyar ko shida, kowane zagaye da ɗan ƙarin nauyi. Wanda ya danna da ƙarfi tun farko zai samu ƙosai ne, ba ɗan ludo ba, kuma dawo da shi sai an sake mulmulawa. Idan aka ajiye katakon nan a gefe, gilashin zai tsaya da kansa a milimita 10.

Ta uku ita ce matsawa da yatsu: babban yatsa da manuni na hannu biyu, ana matsa fuska huɗu lokaci guda, a juya a matsa sauran. Tana da sauri, amma fuskokin suna lotsawa ciki, kuma zanen yatsa yana kwanciya ko'ina. Ta yi ne kawai don fara fitar da siffa, a ƙarasa da gilashi.

Kowace hanya aka bi, idan gilashi yana kama yumɓu a shafa masa ɗan garin masara. Bayan gashi ruwa zai wanke shi.

Ado a jikin dutse

Mafi sauƙi shi ne zane-zane: a jera falle huɗu masu launi daban, ko biyu ana musanyawa, a bi hanya ta farko. Fuska huɗu za su fito da layi, biyu da launi ɗaya.

Na gida-gida irin na allon dara kuwa, a shimfiɗa launi biyu kowane da kaurin milimita 5, a yanka sanduna 5 da 5, a jera huɗu: fari da baƙi a ƙasa, baƙi da fari a sama. A danna kowace fuska da gilashi a hankali har su kama juna, a huce, a yanka kowane milimita 10. A nan musamman reza ta zama mai tsabta, in ba haka ba baƙin zai shafu a kan farin.

Ragowar gutsattsari ba a zubar da su. A tara masu launi uku ko huɗu, a daddatsa ƙanana, a dunƙule, a mulmula igiya, a murɗa ta sau da yawa, sannan a tura ta daga kai da gindi ta gajarce, a danna ta zama sanda mai kusurwa huɗu. A raba ta biyu ta tsawo, a sake raba kowane rabi biyu ta tsawo. Yanzu sanduna huɗu ne. A juya kowace, ɓangaren da reza ta bi ya koma waje, tsohon bayan ya koma ciki, a haɗa su yadda zanen hagu zai yi daidai da na dama kamar a madubi. A shafe layin haɗi da gefen allura, a datse kai da gindi. Masu sana'ar suna kiran wannan dutsen Natasha, kuma ba a taɓa samun biyu iri ɗaya. Idan aka murɗa gutsattsarin fiye da kima, launukan za su haɗe su koma ruwan ƙasa mai duhu. Shi ma yana da amfani, a yi ciki da shi mai milimita 8, a lulluɓe fuska shida da falle mai kaurin milimita 1 na launi mai kyau.

Huji

Nan ake ɓata dutsen da aka sha wahalarsa. Allura tana tura yumɓu gabanta, fuskar da ta shiga ta lotsa, wadda ta fita ta kumbura, yatsun da ke riƙe da shi kuma su danne gefe.

Idan za a huda ɗanye, a sake hutar da duwatsun, minti 15 a firji. A nemo tsakiyar fuska: a ɗora rula daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangare biyu, inda layukan suka gitta a yi tabo, a yi haka a fuskar da ke bayanta. Kada a ɗaga dutsen, a bar shi zaune a tayil. A tsoma allura a garin masara, a tsayar da ita a kan tabo, a riƙa murza ta tsakanin yatsu tana shiga da kanta. Idan ta kai rabi ko ta ɗan wuce, a zare ta ana murzawa, a kife dutsen, a shiga ta ɗaya tabon har ramukan su haɗu. Ta haka bakin rami biyu duk suna kallon ciki, babu kumburi. A bar allurar ko waya a ciki, a sake danna fuska huɗu na gefe da gilashi sau ɗaya, sannan a zare.

Hanyar da ta fi tsabta ita ce a yi siririn rami kawai kafin gashi, da ƙaramar allurar ɗinki, sannan bayan gashi a faɗaɗa shi da bakin injin huji mai milimita 1 da rabi ko 2, ana murza shi da yatsu. Gasasshen yumɓu ba ya da taurin dutsen gaske, ƙarfen yana cinsa cikin sauƙi yana fitar da gari kamar na kwakwa. Wanda ke son dutsen ya rataya ta kusurwa, ramin zai bi daga tsini zuwa tsini, tsawon milimita 17 da ɗan wani abu. A shafce tsinin biyu kaɗan da reza tun yana ɗanye domin ƙarfe ya samu wurin zama, hujin kuma a bari sai bayan gashi.

Gashi

Abin da ke rubuce a ledar shi ake bi. Fimo digiri 110 na Salshiyos, minti 30, kuma kada ya wuce 130. Cernit tsakanin 110 da 130. Premo 130 zuwa 135, minti 30 ga kowane milimita 6 na kauri, wato dutsenmu yana son minti 50 zuwa awa ɗaya. Kato digiri 150. Idan an haɗa iri biyu, a gwada guntu ɗaya tukuna. Ƙarin lokaci a kan zafin da ya dace ba ya ƙona yumɓu, ƙarfi ma yake ƙara masa, sai dai fari da mai garai-garai suna iya ɗan yin duhu. Ƙarin zafi shi ke ƙonawa. Ƙarancin zafi kuma yana ba da dutsen da ido zai ce ya yi, amma kusurwarsa ta ɓare da farce.

Lambar da ke jikin maɓallin obin ba abin dogaro ba ce, musamman ƙananan na lantarki da ke tashi sama su sauko. A sa ma'aunin zafi a daidai inda duwatsun za su zauna, a kunna obin babu komai minti 20, a ga inda allurar ma'aunin ta tsaya da inda take kaiwa idan ta hau. Tayil guda a kan ragar obin yana riƙe zafi, yana rage hawa da saukar.

Idan dutse ya zauna kai tsaye a kan tayil ko ƙarfe, fuskar da ta taɓa za ta fito da tabo mai sheƙi, sauran biyar kuma a dishe. A shimfiɗa farar takarda a ƙasa, takarda ba ta kamawa a wannan zafi muddin ba ta taɓa wuta ko ƙarfen da ke ja ba. Ko a zuba garin masara kaurin santimita ɗaya a faranti a zaunar da su a kai, amma sai an shirya shiga obin, don garin yana tsotse man yumɓu idan suka daɗe tare. Ko a zura su a waya a ɗora bakin wayar biyu a kan gefen kwano, suna lilo ba sa taɓa komai. Sannan a kife wani kwanon alminiyam a sama ko a yi rumfa da takardar alminiyam, ita ke kare su daga zafin sama da ke soya fari ya koma ruwan ƙasa ko ruwan goro. A fara ƙirga lokaci daga sanda ma'auni ya dawo kan lambarsa bayan an rufe ƙofa.

Idan aka ɗauke wuta a tsakiyar gashi, ba a yi asara ba. Yumɓun nan yana jure gashi sau biyu ko uku. Idan wuta ta dawo a sake ɗumama obin, a fara ƙirga daga farko. Tukunya da yashi a kan gas, irin yadda ake gasa kek, tana iya kaiwa zafin, amma gindinta yana wuce gona da sauri. Ba a gwada ta sai da ma'aunin zafi a ciki, wuta ƙasa-ƙasa, farantin kuma a ɗage yake daga yashin. Tafasawa a ruwa ba ta yi, ruwa ba ya wuce digiri 100. Na'urar ɗumama abinci ta maikirowef kuwa ko kusa.

Idan aka ji wari mai yaji ko aka ga hayaƙi, yumɓu ya ƙone, abin da ke faruwa idan zafi ya doshi digiri 175. Hayaƙin yana ƙona ido da maƙogwaro. A kashe obin, a buɗe tagogi, a fita da farantin waje, a fitar da yara daga ɗakin.

Da zafinsu duwatsun suna da ɗan laushi, wannan ba alamar rashin gasuwa ba ce. A bar su su huce sarai kafin a yanke hukunci. Dabara mai kyau ita ce a gasa ɗan falle mai kaurin milimita 1 tare da su: idan ya huce aka lanƙwasa shi ya lanƙwasu, gashi ya yi, idan ya karye ƙaras kamar biskit, a mayar da komai obin. Tsaga a fuska kuwa daga ɗaya cikin uku take: iska a ciki, murzawar da ba ta isa ba, ko lulluɓin da bai kama cikinsa da kyau ba.

Gogewa

Fuska shimfiɗaɗɗiya tana da sauƙin gogewa fiye da mulmulalliya, muddin aka yi abin a kife: samfefa ce ke kwance a tayil, dutsen ne ke tafiya. A jiƙa ta da ruwa mai ɗigon sabulun wanke-wanke, ruwan yana hana ƙura tashi, yana hana samfefa toshewa. A fara da 400, a shafa kowace fuska sau goma ana zagayawa, adadi ɗaya ga kowace fuska, in ba haka ba dutsen zai rame ta gefe guda. A ɗauraye, a koma 600, 800, 1000. Tsallake lamba yana barin ƙarce-ƙarcen da sai an gama za a gan su. A ƙarshe a shafa kowane gefe da kowace kusurwa sau biyu a kan 600, don tsinin da aka bari da kaifinsa yana sukar fata yana kama zaren mayafi. Sai a goge da tsohon yadin jins da ƙarfi har sheƙi mai laushi ya fito.

Yumɓun folima ba ya buƙatar banish don kariya, ruwa ba ya shigarsa. Mai son ƙyalli sosai ya nemi banish mai tushen ruwa, ko wanda kamfanonin yumɓun ke yi. A goge dutsen da sifirit, a soke shi a tsinken sakace, a shafa siriri sau biyu, a bar na farko ya bushe kafin na biyu. Jan farce da yawancin fentin fesawa ba sa jituwa da shi: ranar farko za su yi kyau, bayan makonni dutsen ya koma danƙo yana kama ƙura, kuma ba ya sake bushewa.

Jerawa a zare

Idan aka jera su fuska da fuska ba komai a tsakani, abin hannun zai sandare ya ƙi zagaye hannu, gefunan su riƙa cin juna. A sa ƙaramin dutse mulmulalle mai milimita 3 ko 4 tsakanin kowane biyu, shi ne gaɓar da ke ba su damar lanƙwasa.

Awon ma yana da tarko. Zaren yana bin tsakiyar dutse ne, milimita 5 nesa da fata, saboda haka zagayensa ya fi na hannu da kusan santimita 3. Wuyan hannu mai santimita 16 yana buƙatar jeri mai santimita 19 da rabi, har da ɗan sarari. Dutse ɗaya da ɗan tsakani mai milimita 3 sun kama milimita 13, wato duwatsu 15 da 'yan tsakani 15. Zaren roba mai milimita 0.8 ko 1 ya dace da ramin milimita 1 da rabi zuwa 2. A ja shi sau uku ko huɗu kafin a fara zurawa don kada ya saki daga baya, a ɗaure ƙulli biyu, a ja ƙullin ya shige cikin ramin dutsen da ke kusa. Na sarƙar wuya ko ɗan kunne, dutse mai milimita 8 ya fi sauƙi a jiki, ƙwallonsa kuma milimita 10 ne. Duk wanda aka yi, a nisanta shi da yaran da ba su kai shekara uku ba, girmansa daidai da alewa yake.